Dattijon Da Bai Taɓa Mayar Da Kwano Ba

Duk wanda ya shigo gidanmu gaisuwa a makon da surukina ya rasu, da zancen abinci ya fara. Wani tsoho ɗan Binuwai da suka yi aikin masaƙa tare ya zauna a rumfar da aka kafa a ƙofar gida, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Baba ya ci sakwara a gidana har ya nemi ƙari." Shugabar zumuntar mata ta majami'armu ta ce ita ba za ta manta da ranar bikin 'yarta ba, yadda Baba ya zauna da kwanon shinkafa yana yabon girkin har sai da masu kunya suka saki jiki. Har wani Alhaji mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ya bar unguwarmu ta Romi, a kudancin Kaduna, tun lokacin da gari ya rikice kowa ya nemi ɓangarensa na kogi, shi ma ya hau mota ya zo. Ya ce ko bayan tashinsa, kowace Sallah sai Baba ya haye gada ya je ya ci nama da waina a gidansa. Yana faɗi yana share ido da hannun riga.

Ni ina bakin kicin ina jin su, hannuwana sai warin albasa. Kowa ya faɗi nasa sai a ce, "Allah ya ba shi hutu," a yi ajiyar zuciya, a buɗe wata kwalbar lemo. Ni kuwa duk kwanon da aka ambata na san abin da ya biyo bayansa, domin ni ce nake wanke gyambon ƙafarsa. Gaskiya suke faɗi, kuma don suna ƙaunarsa ne. Ni ma ina ƙaunarsa. Amma na gaji, irin gajiyar da kwanciya ba ta maganinta.

Abin da ya hana ni shiga cikin mata in yi kukana in huta shi ne maigidana. Shi ne babban ɗa. Tun kafin Baba ya yi kwanciyar ƙarshe aka auna maigidana a asibiti, aka ce shi ma ciwon suga ya kama shi, kuma ba mu gaya wa dangi ba. Ga shi yana zaune a kujerar ubansa cikin rumfa, duk wanda ya gama yabon marigayi sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "To, yanzu kai ne Baba." Na san abin da wannan magana take nufi a unguwarmu. Tana nufin kwanukan da suka cinye uban sun juyo kan ɗan.

Shi ya sa nake rubuta wannan. Ba na so a manta da Baba, kuma ba na so jikokinsa su tashi da rabin labarinsa kawai, rabin da aka faɗa a rumfa.

Daga wani ƙauye na kudancin jihar nan ya fito, yana saurayi, da riga ɗaya da sunan wani ɗan garinsu da ke aiki a Kakuri, unguwar masaƙu. A ƙauye acca suke ci. Da safe kunun acca, da rana faten acca, da yamma tuwon acca, in shekara ta yi kyau a jefa ɗan wake a ciki. Ya sha ba mu labarin ranar da ya fara karɓar albashi a masaƙa. Bai sayi takalmi ba, bai aika gida ba. Teburin mai shayi ya nufa, ya ce a zuba masa madara da suga har sai ya ce ya isa, kuma bai ce ya isa da wuri ba. Ya ce a ranar ya san ya zama mutum. Tun daga nan burodi da shayi suka zama abin karin kumallonsa, farar shinkafa ta zama abincin mai aikin yi, lemon kwalba kuma shi ne girmama baƙo.

Lokacin da aka kawo ni gidan, a haka na same shi. Kofinsa na shayi babba ne, na ƙarfe, kuma ba ya yarda wani ya sa masa suga. Da kansa yake jefawa, yana juyawa yana jin ƙarar cokali. In na yi masa kallon mamaki sai ya ce, "Matarmu, shayin da ba suga ai ruwan wanka ne." Wani lokaci ya ce, "Bakin nan ya sha wahala da ƙuruciya, a bar shi ya ci fansho." Mutum ne mai ban dariya ba tare da ya yi dariyar ba. Sai ya saki magana, ya ci gaba da juya shayinsa, ya bar ka kana riƙe ciki.

Dattijon ikilisiya ne, amma aikin da aka fi saninsa da shi ba a majami'a yake yi ba. Sulhu yake yi. Bayan rikicin gari mutane sun yi ta kwararowa kudancin kogi, 'yan Filato, 'yan Nasarawa, 'yan Binuwai, mutanenmu na kudu, kowa da yarensa da tsoronsa, aka cusu a gidajen haya ɗaki na jikin ɗaki. Faɗa ba ya ƙarewa. Yau a kan rijiya, gobe a kan kwata, jibi akuyar wani ta ci shanyar wata. In abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai a ce, "A kira Baba."

Yana da hanyarsa, kuma ba ya sake ta. Ba ya tara masu faɗa wuri guda. Gidan na farko zai je, ya zauna, ya ce, "Me aka dafa?" Sai ya ci ya ƙoshi kafin ya saurari ƙara. Daga nan ya tashi ya shiga gidan na biyu, ya sake cewa, "Me aka dafa?" Ya ce wanda ka sa hannu a kwanonsa ba ya saurin yi maka ƙarya, kuma in ya ga ba ka tsoron abincinsa zai san ba ka zo da hukunci a aljihu ba. Abin da ban gane da wuri ba shi ne, dole ya ci daidai wa daida. In ya cinye na gidan farko ya rage na gida na biyu, kafin ya iso gida unguwa ta ɗauka cewa Baba ya nuna mai gaskiya. Saboda haka yake cinye duka biyun. Ya dawo yana sassauta bel, ya tarar na ajiye masa nawa, ya ce, "Kawo, kada matarmu ta ce na raina girkinta."

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, a shekarar ciwon ya bayyana. Ya riga ya bar masaƙa, ita ma masaƙar ta fara numfashi sama-sama. Sai muka ga yana shan ruwa kamar an zuba a rairayi, yana yawan zagayawa, wandunansa suna yi masa yawa. Mutane suna cewa ritaya ce ba ta karɓe shi ba. Ni ce na lura da tururuwa suna taruwa inda ya yi fitsari a bayan gida. Na gaya wa maigidana, muka lallaɓa shi zuwa asibiti.

Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar autarsa ba. Ta ce suga ya hau sosai, jini ma ya hau. Ta ce magani zai taimaka, amma babban maganin yana cikin tukunya. A bar suga a shayi, a bar lemon kwalba, a rage burodi da farar shinkafa, a rage gishiri da mai, a yawaita ganye da wake. Sai ta ƙara da cewa, "Baba, in za a samu acca, tana da kyau, amma ita ma kaɗan-kaɗan."

Baba ya dube ta ya daɗe. Ya ce, "Likita, acca na gudo na bari a ƙauye. Da ƙafa na gudo, ko kuɗin mota ba ni da shi. Yanzu ki ce ta biyo ni har Kaduna?"

Ta yi dariya, ni ma na yi. Shi bai yi ba.

Daga ranar tukunyarsa ta dawo hannuna, kuma daga ranar ya raɗa mini suna. Na ɗauke gwangwanin suga daga tebur, na kulle a kabad. Da ya nema bai gani ba sai ya miƙe tsaye, ya ƙame, ya sara mini. Ya ce, "Ƙasa duka ta koma farar hula, gidana kaɗai aka bar wa soja." Shi ke nan na zama Soja. In baƙi sun zo sai ya rage murya ya ce, "Ku yi a hankali, akwai dokar hana fita." In na kawo masa faten acca da yakuwa da gauta sai ya leƙa kwanon ya ce, "Wane laifi na yi yau, ranka ya daɗe?"

Wanda bai taɓa gyara acca ba bai san abin da na sha ba. Ƙwayarta ƙanana ce, kuma a cike take da tsakuwa da yashi. Sai ka wanke, ka rege, ka sake regewa, bayanka ya ƙage, hannunka ya yi fari, sannan a yi loma ɗaya a ji ƙaras a haƙori. Ga aikin koyarwa da nake zuwa, ga yara, ga girki iri biyu kullum. Ina yi ba don ina jin daɗi ba. Shi kuma yana ci kamar wanda aka ɗora wa horo, ya wanke hannu, ya ɗauki sandarsa ya fita sulhu. Duk abin da na tsare a gida, unguwa ta warware shi kafin rana ta faɗi. Wata rana na ɗauko kwat ɗinsa ta zuwa sujada zan wanke, sai na ga aljihun ya yi baƙi da tururuwa. Sugan ƙwaya ne ya ɓoye a ciki. Da na nuna masa sai ya ce ai na yaran Makarantar Lahadi ne.

Masu zuwa dubiya su ma da nasu. A wurinmu ba a zuwa gaida mara lafiya hannu sake, kuma abin da aka sani shi ne malt da madarar gwangwani, wai suna ƙara jini. Kowa ya zo sai ya buɗe da hannunsa, ya haɗa a kofi, ya tsaya sai ya ga Baba ya kurɓa. In na ce likita ta hana, sai a ce, "Haba Madam, kaɗan ɗin nan?" Kowa kaɗan ɗinsa yake gani, ni kaɗai nake ganin jimlar. Ƙanwar maigidana da ke aure a Mahuta ta zo wata Asabar ta tarar da shi yana cin fate, ta ajiye jaka ta fara. Ta ce, "Uban da ya yi shekaru yana wahala a masaƙa, a ƙarshe a ba shi abincin kaji? Abeg, don Allah in kin gaji da shi ki faɗa, mu ɗauke kayanmu." Baba ya ce mata ta yi shiru, amma lemon da ta kawo ya sha.

Faɗa na gaske sau ɗaya muka yi da shi, kuma a kan Maman 'Yan Biyu ne. Wata mata ce mai sayar da shinkafa da miya a bakin titinmu. Tun kafin ciwon Baba, mijinta, wani direban tifa, ya faɗi matacce yana cikin cin abinci, hannunsa a kwano. Mutum ne mai jiki, mai son gishiri da nama, kuma bai taɓa bari an auna jininsa ba. Amma danginsa suka ce ita ta sa masa wani abu. Magana ta bazu. Bencinta da ke cika da leburori da 'yan acaɓa ya zama ko ƙuda ba ya sauka. Ta dafa ta zubar, ta dafa ta zubar. Sai Baba ya shirya da tsakar rana, ya je ya zauna a kan bencin, ya ce a zuba masa. Ya cinye, ya ɗaga murya yadda na ƙetaren titi za su ji ya ce, "Ƙaro mini, 'yata, girkin nan ba na biyunsa." Ya yi ta zuwa har sai da mutane suka ga bai mutu ba, suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga lokacin, kowace Lahadi bayan an tashi sujada sai ta ɗauko wani kwano mai murfi, ja mai zanen fure, ta cika shi da shinkafa da miya da nama, ta haɗa da lemon kwalba, ta kawo wa Baba da kanta. Shi kuma sai ya ci a gabanta. Ciwo ya zo bai sake komai ba. Na yi magana, ya ce, "Soja, wannan kwanon ba ya cikin dokarki."

Sai ga wani ɗan ƙurji a ƙafarsa, inda takalmi ya goge shi. Abin da ya kamata ya warke cikin 'yan kwanaki ya ƙi, ya buɗe, ya fara ruwa. Muka koma asibiti. Likitar ta duba ƙafar, ta duba sakamakon awo, ta juyo kaina. Ta ce, "Madam, me kuke ba shi a gida?" Ta ce in sugan bai sauka ba gyambon ba zai rufe ba, in kuwa bai rufe ba, ƙafar ce za ta tafi. Na dawo gida da wannan magana tana yi mini yawo a kai.

Lahadin da ta biyo, ina tsaye a bakin ƙofa na hango Maman 'Yan Biyu tafe da kwanonta. Ban tsaya tunani ba. Na tare ta na ce, "Mama, ki yi haƙuri, ki koma da shi. Ba a cin wannan a gidan nan yanzu." Da ladabi na faɗa, Allah ya sani. Amma lokacin tashi daga sujada ne, titi cike da mutane cikin kayan ado. Ta dube ni, ta mayar da kwanon ka, ta juya. Ta bi titin nan tun daga ƙofarmu har rumfarta, murfi a rufe, kowa yana kallo.

Kafin tsakiyar mako magana ta gama unguwa. Wai har gidan Baba sun daina cin abincinta, ashe sun gano wani abu. Wasu suka ƙara gishiri, suka ce ai ciwon Baba ma daga kwanon nan ya fito, ga shi ƙafarsa tana ruɓewa. Benci ya sake zama wayam.

Da labari ya iso kunnensa bai yi tsawa ba. Ya kira ni, kuma ranar bai ce Soja ba. Ya ce, "Matar ɗana, zo nan. Ke kika mayar da kwanon?"

Na ce, "Ni ce, Baba. Likita ta ce ƙafarka..."

Ya ce, "Ƙafata tawa ce. Sunanta fa, na wa ye?"

Na ce, "To in an yanke ƙafar, ita za ta ba ka tata? Ni nake wanke gyambon nan safe da yamma. Ni ake tambaya a asibiti. Duk unguwar nan kowa ya ba ka ya tafi gidansa, ni aka bari da wari." Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na yi kuka don haushi.

Ya bari na gama. Ya ce, "Gaskiyarki. Miƙo mini sandata."

Damina ce, titin duk taɓo. Ya zura ƙafar da ke naɗe da bandeji cikin silifa, ya fita yana ɗingishi da tsakar rana. Na bi shi a baya ina cika ina batsewa. Ya je ya zauna a kan bencin nan, ya ce a zuba masa. Matar ta zuba. Ya cinye tas, ya sha lemo, ya kira wasu 'yan acaɓa da ke fakewa a gindin mangwaro ya ce su zo su taya shi, shi zai biya. Sannan ya ɗaga murya kamar wancan karon, ya ce, "Likita ce ta hana ni shinkafa, shi ya sa sojata ta yi juyin mulki. Amma girkin nan, ko likitar ta ɗanɗana sai ta sake shawara." Aka yi dariya. Matar ta juya baya tana share hawaye da bakin zane. Da muka iso gida na kwance bandejin, ya jiƙe sharkaf da ruwan kwata.

Ba na cewa ranar ce ta ci ƙafar. Likita ta ce aikin shekaru ne, kofi bayan kofi, kwano bayan kwano. Amma ba a daɗe ba gyambon ya yi baƙi, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Har yau in na zauna na juya abin, ban ga laifina ba, kuma ban ga nasa ba. Wannan ma ya fi komai gajiyar da ni.

Bayan an yanke ƙafar na yi zaton an huta, tun da ba zai iya shiga gidaje ba. Ashe gidajen ne za su zo. Masu faɗa suka riƙa sallama kowa da kwanonsa, su jera a gabansa. Idanunsa suka fara hazo, ƙafar da ta rage ta riƙa kumbura, aka ce ƙoda ma ta gaji. Barkwancin ya ragu. Wani lokaci sai ya kai hannu zai sosa ƙafar da babu, ya tsaya, ya yi tsaki.

A wannan zaman ne ya yi mini wani alheri da ba wanda ya ambata a rumfa, don ba wanda ya gani. Wata rana na dawo daga makaranta na zube a tsakar gida da ƙwaryar acca a gabana, na kasa ko ɗaga hannu. Ya ce a turo kujerarsa kusa. Ya ce in ba shi ƙwarya biyu da ruwa. Ya riƙa karkata ɗaya a kan ɗaya a hankali, accar tana gangarawa, yashin yana kwanciya a ƙasa, ba ya ma duba, hannunsa ne yake gani. Ya ce haka mahaifiyarsa take yi. Daga ranar shi yake rege mini acca. Da yamman nan da ya ci faten sai ya ce, "Yakuwar nan ta yi irin ta tsohuwata." Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ce, "Ashe ba accar na tsana ba, yunwar ce."

Ana saura 'yan makonni ya rasu, muna zaune yana regewa, sai ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Mijinki yana shan ruwa da yawa."

Na yi kamar ban ji ba.

Ya ce, "Idona ne ya mutu, kunnena yana nan. Ina jin randa tana buɗewa. An auna shi?"

Na ce an auna.

Ya ajiye ƙwaryar. Ya ce, "Ni ban iya ƙin kwano ba, shi ma ba zai iya ba, jinina ne. In na tafi za su zo masa. Soja, kada ki yi ritaya. Kada ki bari ya bi ni da ƙafa ɗaya." Sai ya ɗaga yatsa. "Amma kada ki sake mayar da kwanon kowa."

Na ce, "Baba, yaya za a yi duka biyun?"

Ya ce, "Da na sani ai da ƙafata tana nan."

Ranar da za a tashi zaman makoki, da la'asar, rumfa cike, sai na hango ta. Ta tsufa, tana tafe a hankali, kwanon nan ja mai zanen fure a kanta, kwalbar lemo a hannu. Hira ta tsaya. Duk wanda ya daɗe a unguwar ya san tarihin kwanon. Ta zo gaban maigidana ta durƙusa, ta sauke, ta buɗe murfin. Farar shinkafa ce, mai yana ƙyalli a kan miya. Ta ce, "Na saba kawo wa Baba. Yau na dafa, na rasa inda zan kai."

Na ga maigidana ya dube ta, ya dubi mutane. Na ga ya miƙa hannu wajen cokali, daidai yadda ubansa yake yi, har da ɗan gyara zaman nan. Ban san lokacin da na baro kicin ba. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, sannu da ƙoƙari. Baba ya bar mini wannan kwanon gado." Na zare cokalin daga hannun mijina, na ɗauki kwanon, na zauna a kan benci a tsakiyar maza, abin da ban taɓa yi ba. Na ji ƙanwar maigidana ta ja tsaki. Ban kula ba. Na ci. Ba na jin yunwa, amma na ci har na kankare gindin kwanon, na sha lemon har ƙasa. Sannan na ɗaga murya yadda na ƙarshen rumfa za su ji, na ce, "Mama, girkin nan ba na biyunsa."

Ta kama hannuna da hannuwanta biyu ta riƙe. A nan ne kukan da na yi mako ina dannewa ya ƙwace mini.

Tun daga ranar, in aka ce a kira ɗan Baba, tare muke zuwa. Shi ya saurari ƙara, ni in zauna gaban kwano. Mu tashi mu shiga gida na biyu, in ci daidai wa daida. Unguwa ta saba, har yara suna kirana Soja. Maigidana yana cin fatensa a gida, ƙafafunsa biyu suna nan, kullum sai na duba su. Kowace Lahadi kwanon ja yana zuwa, kuma yana komawa a wanke.

Allah ya ba ka hutu, Baba, a inda ba likita ba doka, ya haɗa ka da tsohuwarka. Ban yi ritaya ba, kuma ban mayar da kwanon kowa ba. Rigunana sun fara matse ni. Wata nas da muke zumunta tare ta ce in zo ta auna ni, na ce mata zan zo in na samu sarari. Kwanakin nan ina yawan jin ƙishirwa, amma ai zafi ake yi a Kaduna.